Zanen da Ba a Sa wa Hannu Ba

"Ki duba shi da kyau, babu gaggawa," in ji Misis Penhale, tana satar kallon agogonta.

Renna Longboat ba ta buƙatar dubawa. Zanen yana jingine da bango a ɗakin ajiya na wani gidan gwanjo a Toronto, ya fi ta tsawo. Shuɗi ne mai duhu tun daga sama har ƙasa, sai wani farin layi da ya ratsa shi a karkace, ya tsinke, ya sake tashi. Ba mutum, ba tsuntsu, ba itace. Tana zaune a kicin ranar da mahaifiyarta, Ardyth, ta ja layin nan, burushi ɗaure a hannunta da tsumma, don ciwo ya riga ya kashe mata yatsu.

"Matsalarmu ɗaya ce," Misis Penhale ta ci gaba. Ita ce mai kula da kayan gwanjon. "Babu sa hannu. Kuma akwai masana da ke cewa a shekarunta na ƙarshe ba ta iya riƙe ko cokali. Kalmarki muke jira. Idan nata ne, yau da yamma zai fita. Idan ba ki da tabbas, mu mayar wa mai shi."

Mai shi yana tsaye a bakin ƙofa cikin sabuwar kwat da ta matse masa kafaɗu. Baffa Cleve ne, ƙanen mahaifin Renna.

Ardyth ba ta sa hannu sai a kan abin da za ta sayar, kuma kaɗan ta sayar. Ta tsufa tana zane. Masu gidajen nunin zane na birni sukan juya aikinta su ce, "Ina gashin tsuntsu? Ina kwalekwale? Ta yaya mai saye zai gane 'yar ƙabilun asalin ƙasar nan ce ta yi?" A gida kuwa, a Ohsweken, garin ƙabilarta, cewa ake fenti ne ya zube mata. Ta yi gugar ɗakunan asibiti da rana, ta yi nata aikin a kicin, ba ta taɓa zana wa kowa gashin tsuntsu ba. Sai da aka binne ta birni ya gano cewa gwana ce.

A rana ta goma bayan rasuwar aka raba kayanta ga waɗanda suka yi hidimar jana'iza. A al'adarsu dangin uwa su ne masu makoki, kuma ba sa riƙe komai. Renna 'yar dangin Kunkuru ce kamar uwarta, saboda haka da hannunta ta miƙa: tukwane ga matan da suka dafa miyar masara, bargo ga waɗanda suka yi zaman gawa, zane-zane ga duk wanda sunansa ya zo. Baffa Cleve na dangin Barewa ne, ba ya cikin masu makoki; shi ya haƙa kabari a ƙasar da sanyi ya daskarar, shi shuɗin ya faɗa wa. Ya jefa shi gareji a bayan tsofaffin tayoyi. Renna ta koma gida ba ta da ko ƙyalle na uwarta.

"Ki ba mu minti biyu," ta ce wa Misis Penhale. Matar ta fita, takalminta na ƙwas-ƙwas.

"Baffa, sau nawa na roƙe ka zanen nan?"

"Ke, 'yar nan, kyautar rana ta goma ba ta komawa gidan makoki. Ke da kika yi jami'a ba ki san wannan ba?"

"Amma tana zuwa gidan gwanjo?"

"Wannan ba a hana ba." Ya yi dariya, ya gyara wuyan kwat. "Ni fa ban ga komai a jikinsa ba. Na taɓa shafa wa ƙofar sito fenti, ta fi shi kyau. Amma Turawan nan sun ce kuɗinsa zai sayi babbar mota har da canji. In sun haukace, ni ne zan yi musu magani?"

"Kai ne ka riƙa ce wa Inna ta nemi aikin yi."

"To ga shi aikin ya yi, ita ce dai ba ta jira ba." Ya matso, ya rage murya. "Bari in sauƙaƙa miki. In kika ce ba nata ba ne, tarkace ya zama, tarkace kuwa ba kyauta ba ne. Ki ɗauke abinki, ni zan kai miki har gida. In kika ce nata ne, kin ga ba ki da kuɗinsa. Zaɓi naki."

Renna ta dubi farin layin. Bangon ɗakinta fanko ne, ta san daidai inda zai zauna. Kalma ɗaya ce kawai. Amma in ta faɗe ta, masanan nan za su rubuta cewa sun yi gaskiya: Ardyth ta ƙare tun kafin ta mutu, duk abin da ya fito daga kicin ɗin nan a shekarun ciwo wani ne ya yi mata.

Misis Penhale ta leƙo.

"Nata ne," in ji Renna. "Ina wurin. An ɗaure mata burushi a hannu, ta ja shi tana cije leɓe. Ki faɗa wa masananku."

Idanun matar suka yi haske. "An ɗaure mata? Kai, madalla! Kin yarda mai gwanjo ya faɗi haka?"

Da yamma, a zauren gwanjo, ya kuwa faɗa, har sau biyu, da murya mai taushi. Ya nuna Renna a kujerar baya, ya ce ga 'yar marigayiya ta zo da kanta. Kawuna suka juyo, aka yi tafi. Wata dattijuwa mai sarƙar azurfa ta tambaye ta ko babu tufafin gargajiya da za ta sa a ɗauki hoto. Renna ta ɗaga hannu sau ɗaya a farkon tayi, da duk abin da ta tara daga aikin koyarwa. Kafin ta sauke hannun an wuce ta. Masu waya a kunne suka yi ta ja har gudumar mai gwanjo ta sauka, aka sayar wa wani da ba ya ma cikin ɗakin.

Baffa Cleve ya rungume ta. "'Yar albarka! Zo mu ci nama, ni zan biya."

Ta zame jikinta, ta bi ma'aikata biyu da suka ɗauki zanen zuwa ɗakin ajiya. Suna warware takardar naɗi ta matsa kusa. A ƙarshen farin layin akwai gashin burushi ɗaya da ya maƙale cikin fenti. Ta miƙa yatsa.

"A'a, Madam," in ji ɗayansu, da farar safa a hannu. "Ba a taɓawa. Yana da mai shi."

Renna ta mayar da hannunta cikin aljihun riga. Ba ta matsa ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsaya tana kallo har takarda ta rufe shuɗin gaba ɗaya.