Tattakin Malam Datti da Safara'u

Malam Datti tsohon tela ne a unguwar Kwararafa da ke Jos. A shekarar da wayar salula ta cika Jos ne matarsa Safara'u ta lura ya canza. Sai ya auna mutum, ya ɗauki almakashi, ya tsaya yana kallon yadin kamar bai taɓa ganinsa ba. Ranar da ya ɗinka kaftani hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko abinci bai iya ci ba.

"Tsufa ne," in ji shi. "Ba shi da magani."

Safara'u ba ta yi musu ba. Ta dai sa 'yarsu Rahma ta tsayar da tasi, suka nufi asibiti.

Dakta Felicitas ta auna jininsa, ta sake aunawa. Ta ce, "Baba, hawan jini ya daɗe a jikinka. Ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun tsuke, shi ya sa tunani yake nauyi. Abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, amma za mu riƙe sauran. Magani kullum, a rage gishiri, a riƙa tafiya a ƙafa."

Maganin ya karɓa, tattakin ne ya ƙi. "A ce Datti ya zauce, yana gararamba a titi?"

Safara'u na fama da ciwon gwiwa, amma washegari da hantsi ta sa hijabi ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam, raka ni."

Haka suka saba, tana ɗingishi, yana rage sauri domin ta. Wata rana a mararraba ya tsaya cak, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ta ga tsoro a idonsa.

"Wayyo gwiwata! Riƙe ni, Malam, mu bi ta gaban mai ƙosan can."

Ya kama hannunta, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba. Sai da suka hango ƙofar gida ya ce a hankali, "Na gane dabararki."

"Wace dabara? Gwiwa ce."

Bai ƙara yanka yadi ba, sai sa maɓalli da kalmasa. Rannan da rana ya ɗanɗani miyar kuka ya ɓata fuska.

"Miyar nan lami ce."

"Ita nake sha nima."

Ya yi dariya, ya matso mata da kwanon.