Jirgi Ne Ya Danne Ni

Mamuda bai taɓa hawa babur ba tun da aka haife shi, amma babur ne ya ci masa ƙafa. Shekara bakwai ke nan da Turawa suka miƙa mulki, ana tsakiyar gina dam a Kainji, ana ta shela cewa duk wanda ke zaune bakin Kuwara ya ɗaura kayansa, ruwa na tafe. Shi manomin albasa ne a Tungar Kurna, ƙasar Ngaski. Noman albasa kuwa aikin ƙafa ne. Ka gangara gulbi ka ciko ƙwarya, ka hau gaɓa ka watsa wa fangali, ka sake gangarawa, tun hantsi har rana ta karya.

Ran da abin zai faru, ya ɗauko buhun albasa daga jirgin ruwa zai kai bakin hanya, inda motar Yelwa ke tsayawa. Sai ga Ishaya, masinjan wani ɗan kwangila Bature mai gina gidajen ƙaura, ya kwararo daga tudu bisa babur ɗin kamfani. Yashi ya ƙwace masa kan babur. Mamuda da buhu a ka, ina zai kauce? Kafin a ce kwabo yana ƙasa, ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa idon sawu ta zama abin da ba a kallo sau biyu.

Maza suka yo ca daga bakin ruwa, wani da gora, wani da filafili. Ishaya ya ga mutuwa muraran, ya ranta a na kare, ya faɗa ƙofar da ya fara samu a buɗe. Ɗakin wa? Na Inna Kulu, uwar Mamuda. Ya zube ya rungume ƙafafunta yana kuka. Tsohuwa ba ta san jinin wa ke jikin rigarsa ba, ta dafa kansa ta ce, "Tashi, ka shiga amanata."

To, al'adar Tungar Kurna ce tun kaka da kakanni: wanda ya shiga ɗakin tsohuwa ya kama ƙafarta, ita kuma ta karɓe shi, ba a taɓa shi, ba a kuma miƙa shi ga hukuma, ko da kai ya sare. Da aka zo aka gaya mata ɗanta ne kwance a hanya, sai ta riƙe ƙyaure don kada ta faɗi. Amma ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Ta ce wa masu gora, "Magana ta riga ta fita. Ku je ku ɗauko min ɗana."

A asibitin Yelwa, bayan kwana uku aka yanke ƙafar. 'Yan'uwansa suka naɗe ta a farin ƙyalle suka kai gida suka binne a maƙabarta, gindin babbar kurnar da garin ya ci sunanta. Washegari ɗan sanda ya zo da littafinsa. Inna Kulu na zaune a ƙasa kusa da gado, idonta kawai ta ɗora wa ɗanta.

Ɗan sanda ya ce, "Me ya same ka?"

Mamuda ya ce, "Jirgi ne ya danne ni. Muna jan shi gaɓa ya kuɓuce."

Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Haka aka sa a katin asibiti ma.

Kada in ci zalin Ishaya, bai gudu ba. Kowace Lahadi sai ya zo da lemo da goro, ya tsuguna ya gaishe da Inna, yana kiranta Inna kamar ita ta haife shi. Shi ne ya ba Mamuda labarin ƙafar katako. Ya ce a Kano ana sassaƙa ta daidai mutum, da ɗamarar fata, ka sa wando ba mai ganewa. Ya ce kamfani na da wani abu wai shi inshora, aikinsa ke nan biyan diyyar irin wannan, a bar shi shi zai shigar da maganar wurin Bature in ya ga fuska. Shi ma da ke faɗa ya yarda da abin da yake faɗa. Mamuda ya riƙe maganar nan kamar guzuri, da ita yake kwana da ita yake tashi.

Da damina ta kama aka kwashe su. Aka jibge su a kan wani tudu mai tsakuwa, cikin ɗakunan siminti masu zafi kamar tanda, kowane ɗaki da lamba a goshi. Ruwa ya taso a hankali, ya ci fangalai, ya ci hanya, ya ci maƙabarta. Ishaya kuma aka mai da shi aikin wani gari can wajen Shanga, zuwan Lahadi ya ƙare.

Mai gari ya auna sabuwar gaɓa ya raba wa magidanta, kowa da yankinsa na albasa. Ya ba Mamuda nasa, amma ya gaya masa gaskiya a gaban jama'a: gaɓar ba ta ishi mutane ba, duk wanda bai dasa ba in ruwa ya ja baya bana, za a ba wani. Daga tudun zuwa gaɓa tafiya ce mai nisa, gangare ne kuma. Mamuda ya gwada sau ɗaya da sandunansa na hammata. Ya kai, ya ciko ƙwarya, sai ya tsaya yana kallonta, don hannuwan da za su ɗauka su ne ke riƙe da sanda. Matarsa Hansatu na da ciki wata bakwai, ga jan ruwan gida, ga daka. In babu ƙafa babu gona, in babu gona sai bara a tashar Yelwa, shi kuwa ya gwammace mutuwa.

Sai ya shiga zaryar ofishin kamfani. Hansatu ta aro jaki ta raka shi Warra, daga nan ya shiga jirgin kasuwa zuwa Yelwa. Akawun, wani Malam Shu'aibu, mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta ƙara maka komai. Yau Bature ya tafi Kainji. Gobe Bature na da baƙi. Ka dawo jibi. Jibin nan Mamuda ya zo masa sau shida, har dungun ƙafarsa ya tsage yana ruwa.

A zuwa na shida Malam Shu'aibu ya karɓi katin asibiti ya duba, ya ɗago kai.

"Malam Mamuda, ai nan jirgi aka rubuta. Mu ba mu da jirgi."

Mamuda ya kwashe labari duka ya gaya masa. Akawu ya ce to, sai wanda ya yi aika-aikar ya zo ya faɗa da bakinsa. Mamuda ya ba matuƙan jirgi saƙo, wannan ya ba wancan, har ya iske Ishaya.

Ya kuwa zo. Ranar ana ta ɗaure akwatuna a ofis, don aikin kamfani ya ƙare, ƙarshen wata za su tashi. Ishaya ya rame, ya ce matarsa ta haihu, mace, ya sa mata Kulu. Ya tsaya gaban tebur, hularsa a hannu, ya ce, "Ni na buge shi. Da babur ɗin kamfani. Ku rubuta."

Zuciyar Mamuda ta yi fari tas. Har ya fara tunanin irin wandon da zai ɗinka.

Malam Shu'aibu ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna. Wannan karon babu fara'ar.

"Ishaya, ranar kana da lasin?"

Ishaya ya sunkuyar da kai. "Sai bayan wata biyu na samu."

"To kun ji. Masu inshora in suka ga haka, sun sami mafita, ba za su biya ba. Saura Bature, ko ya tausaya ya yi daga aljihunsa, ko ya ƙi. Ni ban san zuciyarsa ba, kuma ba zai saurara ba sai da takardar 'yan sanda. In na rubuta, takarda can za ta. Wannan," ya nuna Ishaya da alƙalami, "gidan yari, babu ko tantama. Kai kuma za su tambaye ka don me ka yi wa hukuma ƙarya, wa ya sa ka. Za su kira tsohuwa. Sannan za su ce a kai su wurin da abin ya faru su auna hanya. Ina wurin?"

Mamuda ya ce, "Yana ƙarƙashin ruwa."

"To. Ban ce ba za a samu ba, Allah ke bayarwa. Amma ka san abin da za ka taka kafin ka kai. Yanzu zan tambaye ka kamar ban taɓa ganinka ba, abin da ka faɗa shi zan rubuta. Me ya same ka?"

Ishaya ya ce, "Yaya, faɗi gaskiya. Na yarda a ɗaure ni."

Mamuda ya dube shi, sai ya ji haushinsa ya kama shi, haushin da bai ji ba ko ran da aka yanke ƙafar. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Ya tuna gaɓarsa da ruwa ya fara ja baya ya bar mata laka baƙa wuluk, irin wadda albasa ke so. Ya tuna Hansatu tana hawan tudu da tulu, hannu ɗaya a ƙugu. Sannan ya ga Inna Kulu a gaban alƙali, da furfurarta, ana tambayarta, duk Tungar Kurna na jin cewa amanar da ta ɗauka ɗan cikinta ne ya kwance ta. Garin ya rasa ƙasarsa, ya rasa kaburburansa. Abin da suka hau tudu da shi bai wuce irin wannan al'ada ba. Duk kuma a kan wataƙila.

Ya ce, "Jirgi ne ya danne ni."

Malam Shu'aibu ya mai da murfin alƙalami, ya miƙo masa katinsa. Ishaya ya juya ga bango yana sheshsheka, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

A hanyar komawa jirgin kasuwa ya bi ta kan tsohon gari. Matuƙi ya nuna wa wasu baƙi kan wata bishiya da ya rage a saman ruwa, rassa uku ko huɗu, ganyen duk ya zube. Ya ce nan ne Tungar Kurna. Mamuda bai waiwaya ba, ya san abin da ke gindinta.

Da la'asar Hansatu ta taro shi da jaki. Suna hawan tudu ya hango gaɓa, ya ga maƙwabcinsa Hammadu na kafa turaku a yankin da aka ba Mamuda, mai gari na tsaye. Hammadu ya hango su shi ma, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da bugawa. Hansatu ta dubi mijinta, ta gane.

Inna Kulu na zaune a ƙofar ɗakinta mai lamba, tana ɓarar gyaɗa. Tun ran asibiti ba ta taɓa kallon dungun ƙafarsa ba, ko yau ma fuskarsa ta kalla.

"Mamuda, yaya kunka yi? An ba ka takardar Kano?"

Ya jingine sandunansa da bango, ya zame ya zauna kusa da ita, ya ɗebi gyaɗa ya fara taya ta ɓara.

Ya ce, "Sun ce in dawo jibi, Inna."