Ɗaya Mai Ƙugiya

Kwali goma sha biyar na wandunan jins ne suka bi jirgin Ghana maimakon na Legas, kuma ni na jawo. Mu kusan arba'in ne a ƙungiyar, amma da maganar ta fasu ko mutum ɗaya bai ɗaga ido ya dube ni ba. Kowa Tankari ya kalla.

Ga yadda muke aiki. Mu Hausawan da ke sayen kaya a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou a China muna da sito guda na haɗin gwiwa a bayan Sanyuanli, kowane ɗan ƙungiya da lambarsa. In kayanka suka iso sai a rubuta lambar a jikin kwali da baƙin alƙalamin maka, lebura 'yan China su duba su kai shi layin kwantenar da za ta ɗauka. Ba ruwansu da sunanka ko garinku, lamba kawai suke karantawa. Alhaji Ango, shugabanmu, ɗan kasuwar Kwari ta Kano, lambarsa sha ɗaya. Saba'in da bakwai ta Musa ce, wani Bahaushen Kumasi. Tankari, dogon Ba'are daga Dogon Dutsi ta Nijar, shi ke rubutun. Ni kuma, Abdulrasheed, ni ne mai kula da lodi shekara bakwai ke nan.

Wanda ya yi boko a Nijar ba ya rubuta ɗaya a tsaye cak kamar sanda. Sai ya fara jan wata doguwar ƙugiya daga ƙasa ta hau, sannan ya sauko. A idon ɗan China wannan bakwai ce, ba tantama. Tankari ya daɗe da sanin haka, ya gyara hannunsa tun kafin in zo. Amma ranar da wandunan Alhaji suka iso daga Xintang yana kasuwar Shisanhang wajen karɓo wasu kaya. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, direban motar yana danna mini hon yana ihu da yarensu, sai na fizgi makar na bi kwalayen da gudu. Hannuna ya rubuta abin da aka koya masa yana ɗan shekara bakwai, ban ma lura ba.

Domin ni ma lakol na yi, wato makarantar bokon Nijar. Mahaifiyata, Inna Fasuma, 'yar Magarya ce ta Nijar. Da mahaifinmu ya rasu ta koma gida da ni, yayata Asma'u kuma aka bar ta wajen baffanmu. Shekara biyar na yi a can kafin a ɗauko ni a kai ni Kano, inda yara suka saka ni a gaba da “ɗan Faranshi” har na tsani bakina. Na zauna na kankare harshena tas. Na zo Guangzhou a matsayin cikakken Bakano, har in ana tsokanar mutanen Nijar a gidan abinci dariyata kan fi ta kowa ƙarfi. Ba na alfahari da wannan, amma haka aka yi.

Alhaji Ango bai tsaya kan Tankari ba. Ya ce ya gaji, wannan ne karo na ƙarshe, ranar Juma'a bayan an sauko za a kaɗa ƙuri'a a ware 'yan Faranshi daga siton, su goma sha biyu, su je su nemi nasu. Kowa ya san mutum goma sha biyu ba za su iya riƙe sito su cika kwantena su kaɗai ba. Korar ce dai, an sa mata riga. Da aka tambayi Tankari sai ya ce, “Mi za ni ce? Aikin rubutu dai nawa na.”

Kwana uku ina kai da komo da abin a cikina. Na shirya wa kaina hujjoji masu kyau ƙwarai: ai ba ni na kawo shawarar korar ba, ai kayan za su dawo ko da an daɗe, ai ina da iyali. Mutum in yana son ya yi shiru ba ya rasa dalili.

Ranar Juma'ar da hantsi ina shagon wata lawban, kamar yadda ake kiran mai shago a nan, ina jiran ta nemo mini rigunan yara, tana ta ce mini meyo, meyo, wato babu, alhali na hango su a bayanta, sai saƙo ya shigo wayata daga gida. Bidiyo ne daga zauren majalisar dokokin jiharmu ta asali, maƙwabciyar Kano. Yaya Asma'u ce ke wakiltar mazaɓarmu ta bakin iyaka, zango na biyu ke nan. Da sunan mijinta aka san ta, don haka a nan ba wanda ya taɓa haɗa ni da ita, ni ma ban taɓa haɗa kaina ba. Na zauna a kan wani dilan kaya na danna.

Wani ɗan majalisa ne ya kawo ƙudurin a hana baƙi masu jin Faransanci rumfuna a kasuwannin jiha. Yaya ta miƙe, ta fara da Turanci, sai ta tsaya ta ce wa Kakaki a ba ta izini ta yi da Hausa, tunda waɗanda ake magana a kansu da Hausa za su ji labarin.

“Mai girma Kakaki,” in ji ta, “albasar da aka soya a gidanka yau, a bincika ta ina ta shigo. Ragon da ka yanka da Sallah ma a bincika. Robobinmu da atamfarmu da takalman da matasanmu ke ɗinkawa, su wa ke kwasa su kai Damagaram da Agadas? Su sun yi boko da Faransanci, mu mun yi da Turanci, amma ban taɓa ganin an yi cinikin buhun wake da ɗaya daga ciki ba. Zama lafiya da su ba alfarma muke yi musu ba, abincinmu muke karewa. In majalisar nan na son yankin nan ya tashi, a gyara hanyar da ta tafi iyaka, a rage shingayen da ake tatsar su, a sa mai jin Faransanci ko guda ɗaya a asibitinmu don ya karanta takardar maganin da suke zuwa da ita.”

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ko dai 'yarsu ce. Aka kwashe da dariya. Na san wannan dariyar sarai, na sha yin ta. Yaya ta jira suka lafa, ta gyara mayafinta.

“'Yarsu ce. Uwata Fasuma 'yar Magarya ce, har gobe malamin makaranta mushe take ce masa, ku yi dariyarku ku gama. Ƙanena shekara biyar ya yi a lakol ɗinsu. Yau yana ƙasar Sin yana yi wa 'yan kasuwarku lodi, kuma ba a taɓa kawo mana ƙarar ya ci amanar kowa ba.”

Sau uku na maimaita wurin nan. Alfahari ya cika mini ƙirji har na ji kamar in tari mutanen da ke wucewa in ce su zo su ga yayata, sai kunya ta biyo baya ta danne shi. Tana can gaban manya ta saka ni a shaida, ni kuwa ina nan ina shirin barin bawan Allah ya ɗauki laifina. Lawban ta kawo rigunan ta same ni ina share ido, ta ɗauka farashin ne.

Bayan masallaci muka taru a saman gidan abincin da muka saba. Ashe bidiyon ya riga ni isa, ya zaga wayoyi tun safe. Alhaji Ango ma da shi ya buɗe taro.

“Kun ga wata a majalisa ta zage tana kare su,” ya ce. “Ta iya zance, ba laifi. Amma ita ba ta da kwali a teku. To jama'a, wanda ya yarda a ware sito ya ɗaga hannu.”

Na miƙe kafin hannu na farko ya gama tashi.

“Alhaji, a dakata. Matar nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen da ta ambata ni ne. Kuma ranar da kayanka suka iso Tankari yana Shisanhang, a tambayi direba. Ni na rubuta lambar.”

Alhaji ya cire tabarau ya ƙare mini kallo.

“Kai Abdulrasheed? Kai da ka fi kowa iya kwaikwayon maganarsu?”

“Na iya ne don maganar uwata ce, Alhaji. In za a ware 'yan Faranshi, to mu goma sha uku ne, a fara da ni.”

Musa na Kumasi ne ya fara yin dariya, ya ce shi dai yana godiya, bai taɓa samun wanduna kyauta daga Kano ba sai bana, kuma zai sa a juyo da su ta mota. Wani dattijo ya ce in dai matsalar ƙugiya ce, a sayo hatimin lambobi mana a huta, ai ba a korar mutum goma sha biyu saboda alƙalami. Aka yi ta ce-ce-ku-ce kusan rabin awa. Alhaji bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya, kasuwar Sallah ta wuce shi. Ya janye maganar ware sito, amma ya ce wanda ya yi shiru kwana uku ba zai ci gaba da kula masa da lodi ba. Aka kaɗa ƙuri'a a kan wannan, aka sauke ni. Ni ma na ɗaga hannu.

Da aka watse na tarar da Tankari a bakin titi yana jiran danja ta ba da hannu. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce ya yafe mini.

“Ba komi,” ya ce. “Ai na san kai na. Ina ganin hoton kwalin na gane hannun.”

“Ka san na yi lakol?”

“Tun makonka na hwarko. In kana ƙidayar kwali bakinka na motsi da Faransanci, onz, duz, tarez. Ba ka ji, amma ni ina gani.”

Na tsaya sororo a tsakiyar masu tura amalanke. Na ce to me ya hana shi faɗa ranar da aka ɗora masa laifi, alhali abincinsa da na mutum goma sha ɗaya ne a kai.

Ya dubi motocin da ke wucewa.

“Laifin kwali zan iya ɗauka,” ya ce. “Amma sunan uwar mutum, shi ya kamata shi hwaɗe shi da bakinshi. Shekara bakwai ina jiranka.”