Gwiwar Odin

Ketill Torfason ya shafe rabin rayuwarsa yana fitowa a matsayin Odin a wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na Reykjavik, babban birnin Iceland, har ta kai ko madara zai je saye a kantin unguwa, tafiyar uban alloli yake yi, ƙirji a gaba, gemu kwance a kan riga, yana kallon kowa daga sama. Matarsa Hallbera, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, takan gaya wa ƙawayenta cewa ita dai mutum ta aura, amma ta wayi gari tana wanke wa abin bautar kakanni safa.

Ba bauta wa Odin yake yi ba, coci ma sai Kirsimeti ko jana'iza take ganinsa. Amma duk wanda ya kuskura ya ce "mai ido ɗayan nan" a gabansa, to ya sha huɗuba: yadda ya cire idonsa da hannunsa ya jefa a rijiya don a ba shi kurɓin hikima, yadda ya rataye kansa a bishiya har ya samo rubutu, yadda hankakinsa biyu suke zaga duniya su dawo su raɗa masa labari. Matsalar ita ce masu saurare sun yi ƙaranci. Wani lokacin 'yan wasan da ke kan dandamali sun fi 'yan kallo yawa.

Shi ya sa ranar da wani kamfanin wasannin bidiyo ya kira shi, ya ce yana son fuskarsa da muryarsa da tafiyarsa a sabon wasan da yake haɗawa a kan allolin da, Ketill ya aje waya ya dubi matarsa.

"Hallbera, duniya ta dawo hayyacinta."

"To madalla. In ta gama dawowa ka fitar da shara."

Ya tafi da alkyabbarsa shuɗiya da malafarsa da mashinsa na katako. A bakin ƙofa wata matashiya mai suna Hekla, wadda ita ce shugabar aikin, ta karɓe su duka ta jingine a lungu, ta miƙa masa wata baƙar riga mai kama jiki, an manna mata fararen ɗigo tun daga wuya har idon sawu don kyamarori su riƙa bin motsinsa. Da ya saka ya dubi madubi, sai ya ga tsiran alade mai gemu.

"Ina fadar?" ya tambaya, yana duban ɗakin da babu komai cikinsa sai kyamarori da akwatunan katako.

"Kwamfuta za ta zana daga baya," in ji Hekla. "Bari in ɗan yi maka bayani, Ketill, don Odin ɗinmu ya ɗan bambanta. Abokin gabarka Loki ne jarumin wasan."

"Maƙaryacin?"

"Ba maƙaryaci ba ne, ba a fahimce shi ba ne. Ya sha wahala yana yaro. Ɗanka Thor kuma ya aje guduma, ya gane faɗa ba ya magance komai, yanzu zuma yake kiwo."

"Hankakina fa?"

"Mun gwada su a kan masu buga wasan, ba su burge kowa ba. Mun mai da su kyanwoyi masu fikafikai."

Ketill ya zauna a kan akwati.

"Ni kuma me nake yi?"

"Kai ne ake kashewa kafin a wuce mataki na uku."

Haka ya yi mako yana mutuwa. Ya mutu da gatari, ya mutu da wuta, ya mutu da faɗowa daga kan dutse. Hekla takan ce, "Ta yi kyau, amma wannan mutuwar mashi ce, muna son ta kibiya, ƙara ɗan mamaki a ciki." Ya koma gida murya a dishe, Hallbera ta dubi fuskarsa ta zuba masa miyar naman rago.

A ranar ƙarshe ya kafe. Ya ce ba zai sake mutuwa ba sai an bar shi ya yi jawabin Odin a bakin rijiyar hikima, wanda ya rubuta da kansa tun yana saurayi. Hekla ta dubi abokan aikinta, ta ɗaga kafaɗa, ta ce a kunna kyamara. Ketill ya hau akwati, ya buɗe hannuwa, murya ta cika ɗakin, har wani mai gyaran fitila ya daina tauna cingam. Ya kai daidai inda uban alloli zai sauko ya miƙa idonsa, ya tako ƙasa da ƙasaita, ƙafarsa ta harɗe da wayar lantarki. Ya zube da gwiwar hagu.

"Wayyo gwiwata! Wane shashashan ne ya bar igiyar nan a hanya?"

Aka ɗaga shi, aka ɗora masa ƙanƙara. Sauran aikin da ɗingishi ya ƙarasa shi.

Da wasan ya fito bayan shekara biyu, babu jawabin ko kalma ɗaya. Faɗuwar kuwa tana nan. Duk wanda ya sari Odin a gwiwar hagu, sai uban alloli ya zube ya yi ihun nan da muryar Ketill, kalma bayan kalma. Kafin wata ya ƙare yara a Brazil da Koriya suna faɗinsa da harshen Iceland ba tare da sun san me suke cewa ba.

A kwamin ruwan zafi na wurin ninkayar unguwa, inda tsofaffi suke haɗuwa kowace safiya su gyara gwamnati, tsohon abokinsa Grimur, wanda ya yi tuƙin jirgin kamun kifi, ya tare shi tun daga matakala.

"A ba shi hanya! A kwashe igiyoyi! Ga mai sama ya iso!"

"Rufe min baki, Grimur."

"Jikata ta ce ta kashe ka sau ba adadi jiya. Ta ce in gaishe ka, ta ce kana da sauƙin kai."

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana Ketill sakat shi ne bayanin da masu buga wasan suka shiga yi a intanet. Wani ya ce igiyar da Odin yake nufi ita ce igiyar ƙaddara da wasu tsofaffin mata uku na labarin da suke saƙawa a gindin bishiyar duniya. Wani ya yi bidiyo mai tsawo yana tabbatar da cewa "shashashan" Loki ne, kuma nan ne asalin gabar da ta kai ga ƙarshen duniya. Wani ya ce malaman coci ne suka goge labarin gwiwar daga tsofaffin littattafan fata don hassada. Wani mai yawo da baƙi a mota ya samo wani dutse mai ɗan rami a hanyar kudu, ya fara tsayawa a nan yana nuna inda gwiwar ta bugu. Hallbera ta ji daga wata ƙawarta malamar makaranta cewa rabin ajinta sun rubuta a jarrabawa cewa Odin ya ba da ido ɗaya da gwiwa ɗaya.

Da aka gayyace shi taron masoya wasan a Krakow, ya amsa nan take, don ya ga dama ta samu. Zauren cike yake da matasa masu hulunan ƙaho da gemun roba, da yawa suna ɗingishi da gangan. Ketill ya karɓi makirufo.

"Ku saurare ni, 'ya'yana. Babu gwiwa a labarin kakanninmu. Wayar lantarki ce. Ni ne na yi tuntuɓe. Wanda ya bar ta kuwa wani mai gyaran fitila ne, ba Loki ba."

Can wani ƙato mai gatarin kwali ya miƙe.

"Da girmamawa, malam, kai murya kawai ka yi. Ka ma buga wasan?"

"Ban taɓa ba."

Aka yi wani irin gunaguni, kamar ya ce bai taɓa wanka ba.

"To ka ga," in ji ƙaton cikin tausayi. "Mu mun yi bincike."

Aka tafa wa ƙaton. Ketill ya tattara kayansa ya dawo gida. A lokacin sanyin nan Hallbera ta tasa shi gaba zuwa asibiti, aka yi masa aiki a gwiwar, ya warke sarai, ya koma tafiyarsa ta da.

Da bazara ta zo, mai gidan wasan kwaikwayon ya kira shi yana haki, ya ce tikitin wasan Odin ya ƙare kaf, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka gina wurin. Ketill ya goge malafarsa, ya taje gemu. Ya gaya wa kansa cewa ko ta wace ƙofa suka shigo, yau za su ji ainihin labarin.

Ranar Lahadi da la'asar ya hau dandamali. Ya yi jawabin bakin rijiya tun daga farko har ƙarshe, kuma bai taɓa yin sa da kyau haka ba. Ya sauko daga kan dutsen kwali lafiya ƙalau, ya miƙa ido, ya tsaya. Babu tafi. Ɗaruruwan wayoyi suna ɗage, duk sun auna ƙafarsa. Wata yarinya a layi na biyu har ta buɗe baki tana jira ta faɗa tare da shi. Ya dubi Hallbera a layin gaba. Ta girgiza masa kai a hankali, alamar kada ka kuskura.

Ya dubi kujerun da ya saba gani wayam, yau har a kan matakala mutane suke zaune. Ya ɗaga ƙafa, ya harɗe ta da babu, ya zube.

"Wayyo gwiwata!"

Zauren ya ƙarasa masa sauran da murya ɗaya, rufin kamar zai tashi. Sau huɗu ana kiransa ya fito ya rusuna.

A mota Hallbera ce ke tuƙi. Idonta na kan hanya har suka wuce tashar jiragen ruwa. Shi kuma yana ta kallon taga, yana jiran ta fara.

"Sai ka faɗa," ya ce daga ƙarshe. "Na sayar da mutuncina."

"Wannan kai da shi. Ni abin da na gani, ta dama ka riƙe."

"Me?"

"Gwiwar dama ka kama, tsoho. Ta hagu ce."

Kafin su gama shan kofi washegari, masana wasan sun rabu gida biyu. Wasu sun ce shaida ce ƙarara cewa Odin biyu ne, na gaske da na bogi. Sauran sun ce a'a, ciwon ne ya koma ɗaya ƙafar, kuma duk mai zurfin karatu ya san an daɗe da yin annabcin haka. Ketill ya sa Hallbera ta karanta masa duka ɓangarorin, yana shafa man shanu a busasshen kifi. Da ta gama ya ce, in dai don hujja ce, na biyun sun fi.