Ramin da Yahya Ya Haƙa

"Malama, albasa kika zo saye ko wa'azi?" in ji Yahya. Ko ɗagowa bai yi ba daga buhun da yake ɗaurewa.

"Yayanka ne. Tun jiya koko ma ba ya wucewa. Sunanka kawai yake kira."

"Ya kira gwamna mana."

Na tsaya cikin taɓon kasuwa. Shekara talatin ina koyarwa a Fatakwal ban taɓa roƙon yaro ya shiga aji ba, yau ga ni ina lallashin mai furfura.

Kallamu, yayan nasa, maƙwabcina ne, ƙofarmu na kallon juna a gidan haya. Shi ne shugaban leburorin Hausawa lokacin da aka fara aikin jirgin ƙasan nan da aka ce zai riƙa gudu a sama, kan ginshiƙan siminti, ya bar motoci da cunkosonsu a ƙasa. Ranar da manyan gari suka aza harsashi, ya kawo min jarida in karanta masa. Na karanta: tasha kaza da kaza, aikin da har jikoki za su ci. A raina na ce, garin da ya kasa yashe kwata ne zai ɗora jirgi a sama? Amma na ga yadda fuskarsa ta washe, sai na ninke jaridar na miƙa masa.

Da ita ya tafi ƙauyensu. Ya ce wa ƙanensa Yahya ya sayar da gonar gado ya taho, sun gama da fartanya. Yahya ya sayar. Suka yi ta haƙa ramuka, ruwa na ɓuɓɓugowa suna kwashewa, har ginshiƙai suka miƙe a titin Azikiwe. Sai gwamnati ta sauya, aiki ya tsaya. Tun ranar Yahya bai ƙara ce wa yayansa ko sannu ba. Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki. Ni dai na ga rabin jiki ya shanye, ɗaya rabin na kasuwa yana ɗaure buhu.

"Yahya," na ce, "ni na karanta masa jaridar nan. Ban yarda da ita ba, na yi shiru. In rabon laifi kake, ga kasona."

Sai a lokacin ya dube ni. "Kin san wa ke noma gonar yanzu, Malama? Ɗan mutumin da yake yi wa babanmu ƙwadago."

Na juya. Na hau keke mai ƙafa uku na koma gida.

Bayan la'asar sai ga shi. Barira, matar Kallamu, ta ja mayafi ta matsa masa. Ɗakin na warin man zafi da danshin damina. Liman Bappa na zaune a bakin katifa da carbi.

"Yahya," Kallamu ya ce, muryar kamar daga rijiya. "Gonar nan. Ka yafe min."

Yahya ya kau da kai.

"Ka ce ka yafe, ɗana," in ji Liman. "Allah na son mai yafiya."

Daga bakin ƙofa na yi tunanin waɗanda suka aza harsashin. Ban ji an tura wa ko ɗayansu liman ba.

Yahya ya durƙusa. Bakinsa ya motsa, abin ya ƙi fita. Ya kama ƙafar yayansa da hannu biyu.

"Yaya, ƙafarka ta yi sanyi."

Ya yi ta murza ta.

"Ka faɗa mana, don Allah!" Barira ta fashe da kuka.

Yana nan yana murzawa har Liman ya miƙa hannu ya rufe idanun Kallamu.

Da safe Yahya ya ce kada a kira masu haƙa kabari, shi zai yi. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, sai da hantsi na gan shi ya shigo da shebur a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Ya tsuguna a bakin famfon tsakar gida.

"Ruwa ya yi ta cika ramin," ya ce, bai juyo ba. "Sau uku ina kwashewa. Shi ya koya min yadda ake yi." Ya tara shebur ɗin a ruwa. "Da na sa shi a ciki, na faɗa masa, Malama. Ko ya ji?"

Da Liman ne, zai ce ya ji. 

"Ban sani ba, Yahya."

Ya gyaɗa kai. Famfon na zuba siriri, yana goge bakin shebur ɗin da babban yatsa, jan ruwa na bin siminti yana wucewa ta gaban ƙofar Kallamu.