Garwashin Asabar

Nazira, wadda daga baya ta shugabanci malaman ƙasarsu, tun tana yarinya Balarabiya, ta katangar gidansu a garin Safad ta fara jin rikicin Larabawa da Yahudawa.

Maƙwabciyarsu Simha tsohuwar Bayahudiya ce. Addininta ya hana ta kunna wuta ran Asabar, ya kuma hana ta cewa a kunna mata. Sai dai ta ɗaga murya ta ce yau da sanyi, Nazira ta ruga da garwashi.

"Sarauniyar tawa, sai da na daskare?" in ji tsohuwar, tana cusa mata alewar riɗi.

Da aka yi kashe-kashe a kasuwa, sojojin Ingila suka cika lungu, mahaifin Nazira ya ce, "Kada ki ƙara shiga gidan nan, 'yata. Idon mutane na kanmu."

Asabar ta zo da ruwa da iska. Nazira ta zauna jikin katanga da kaskon wuta, ba ta san yadda za ta yi in an kira ba. Can ta ji tari, sannan muryar Simha tana rawa.

"Yau kam da ɗumi, mun gode Allah. Kowa ya yi zamansa."