Kunun Ya Kaltumi

Tun da aka turo mijinta Sadisu daga Damagaram ya zo koyarwa a Diffa, Hasna ba ta saba da kowa ba sai maƙwabciyarta Ya Kaltumi, wata tsohuwar Bakanuriya mai sayar da busasshen tattasai na bakin Komadugu. Da cikin Hasna ya fito, tsohuwar nan ta ɗora wa kanta aiki. Kullum da safe sai ta miƙo kunun gyaɗa ta kan katanga, da zafinsa, ƙulle a farar leda.

"Karɓi, ka sha tun bai huce ba!" Ita haka Hausarta take, mace ma "ka" ce.

To, ran nan a wajen awo ungozoma ta yi musu magana a kan leda. Ta ce zafin abinci yana sa sinadaran roba su shiga cikinsa, ido ba ya gani, kuma mai ciki ta fi kowa dacewa ta kiyaye. A zuba a kwano, ko a tasa, ko a ƙwarya. Hasna ta dawo gida ta kwashe robobin da take zuba miya, ta mayar da su na ajiye sabulu. Wannan mai sauƙi ne. Kunun fa?

Da wane baki za ta ce wa babbar mace kyautarki na da illa? Sai ta ɗauko dabarar da ba ta da kai. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta zaga baya ta juye wa akuya. Kwana shida akuya na kwasar kunun gyaɗa har da sukari, sai sheƙi take yi. A na bakwai Ya Kaltumi ta leƙo neman kazarta, ta ga ja'irar akuyar da baki dumu-dumu, ga ledar a yashe a gefe.

Washegari katanga shiru. Kwana biyu, uku, shiru. Abin ya tsaya wa Hasna a rai, don duk garin nan muryar tsohuwar ce kaɗai ke kiran sunanta da safe. Sadisu ya ce, "Ke ma dai! Ki je ki faɗa mata gaskiya mana."

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta shiga gidan Ya Kaltumi. Ta tarar da ita a kan tabarma tana tsince tattasai. Ta durƙusa da ƙyar.

"Ya, ki yafe mini. Wallahi ba raini ba ne." Ta kwashe duk abin da ungozoma ta faɗa ta gaya mata.

Tsohuwa ta daɗe tana juya tattasai a faifai kafin ta ɗago.

"Ka ɗauka ba ni da kwano ne? Ga su can, har na aurena. Amma mu a nan kwano ba ya komawa gidansu wayam. In na aiko a kwano, kai baƙo, ga ciki, kullum sai ka tashi neman abin da za ka sa a ciki ka mayar. Leda kuwa ba mai jiran ta dawo."

Kunya ta rufe Hasna, idonta ya cika da ƙwalla. Ashe har wannan tsohuwar ta hango mata, ita kuwa tana ba akuya.

"To Ya, yanzu ya za mu yi?"

Ya Kaltumi ta karkaɗe zanenta, yajin ya tashi, su biyun suka yi ta atishawa har dariya ta ƙwace musu. Sannan tsohuwar ta share ido da gefen mayafi.

"Ba sauran aike. Gobe ka tako da ƙafarka, mu sha a ƙwarya ɗaya. Shekara uku ke nan, tun rasuwar maigidana Malam Grema, ina shan nawa ni kaɗai."